Shin Ko Kun San? Masu Buɗe Jijiyar Zuciya da Lissafin Rubutunsu

A jami'o'in yau, idan za a auna malami, tambaya biyu ake yi: maƙala nawa ya buga, kuma sau nawa wasu masana suka kafa hujja da abin da ya rubuta? Filinmu na wannan karo ya leƙa fannin likitocin da ke gyara zuciya ta cikin jijiya ba tare da an tsaga ƙirji ba, mu ga yadda wannan awo ya kasance da su, daga Jamus zuwa Zariya har Ɗanbare ta ƙaramar hukumar Kumbotso.

Aikin kansa

1. Shin ko kun san cewa zuciya tana bugawa kimanin sau 100,000 a yini, tana aika jini ko'ina a jiki, amma ita kanta ta wasu 'yan jijiyoyi take samun nata rabon? Kaurin manyan cikinsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba.

2. Shin ko kun san cewa manomin rani na Kura ko Bunkure ya riga ya fahimci ciwon bugun zuciya? Ruwan Tiga yana zuwa ta babban kanal, ya rabu zuwa ƙanana, ya shiga gonaki. Idan laka da kacala suka toshe ƙaramin kanal guda, shinkafar da ke ƙarshensa ƙonewa take yi ko da dam a cike yake. Haka naman zuciya yake mutuwa idan kitse da gudan jini suka toshe jijiyar da ke shayar da shi.

3. Shin ko kun san cewa mara lafiya a farke yake a yayin da ake wannan aiki? Ana yi masa allurar kashe zafi a wuyan hannu ko a matsematsi, a zura siririn bututu ta jijiya har bakin zuciya, a fesa wani ruwa mai fitowa a hoto. Likita yana kallon allo, sai ya ga inda jijiyar ta tsuke. Ya wuce da waya mai sirantar gashi, ya hura ɗan balan-balan a wurin, ya bar wata 'yar ragar ƙarfe da ake kira sitent ta tokare hanyar. Da yawa washegari ake sallamarsu.

4. Shin ko kun san cewa ƙa'idar da manyan asibitoci ke bi ita ce a buɗe jijiyar mai bugun zuciya cikin minti 90 da shigowarsa ƙofar asibiti? Duk sa'ar da ta wuce, wani ɓangare na naman zuciya ya tafi ke nan, ba ya dawowa.

Waɗanda suka share hanya

5. Shin ko kun san cewa mutumin farko da aka zura wa bututu har cikin zuciya shi ya yi wa kansa? A 1929, a garin Eberswalde na Jamus, wani likita ɗan shekara 25 mai suna Werner Forssmann ya zura bututun fitsari ta jijiyar hannunsa, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin ɗaukar hoto don ya samu shaida. Manyansa ba su yaba ba, har ya rasa gurbinsa a asibitin Charité na Berlin, ya koma likitan mafitsara.

6. Shin ko kun san cewa 'yar gajeruwar maƙalar da Forssmann ya buga ce ta cece shi? André Cournand da Dickinson Richards sun karanta ta a New York, suka ɗora aikinsu a kai. A 1956, bayan shekara 27, su ukun suka raba kyautar Nobel. Da bai rubuta ba, da labarin ya tsaya a hirar ma'aikatan asibiti.

7. Shin ko kun san cewa hanyar shiga jijiya da allura da waya, wadda ake amfani da ita a asibitocin duniya kullum, daga maƙala ɗaya ta fito? Sven-Ivar Seldinger ɗan ƙasar Suwidin ne ya buga ta a 1953, kuma har yau da sunansa ake kiran hanyar.

8. Shin ko kun san cewa bisa tsautsayi aka fara ɗaukar hoton jijiyoyin zuciya? Ranar 30 ga Oktoba 1958, a Cleveland ta Amurka, bututun Mason Sones ya zame ya shiga jijiyar zuciyar wani matashi, ruwan hoto ya kwarara ciki. A lokacin an ɗauka hakan ajali ne. Zuciyar ta ɗan tsaya, Sones ya ce wa matashin ya yi tari, ta ci gaba da bugawa. Bai yi gaggawar buga maƙala ba, sai a 1962 ya fitar da taƙaitaccen bayani bayan ya maimaita aikin ga ɗimbin mutane.

9. Shin ko kun san cewa jijiyar farko da aka buɗe ta wannan hanya ta ƙafa ce? A Janairun 1964 Charles Dotter ya buɗe jijiyar wata tsohuwa 'yar shekara 82 a jihar Oregon, wadda ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa. Ƙafar ta tsira.

10. Shin ko kun san cewa a kan teburin kicin aka haɗa balan-balan na farko? Andreas Grüntzig, Bajamushe mai aiki a Zurich, shi da matarsa da abokan aikinsa suke zama da yamma suna haɗa su da hannu. Ranar 16 ga Satumba 1977 ya buɗe jijiyar zuciyar wani ɗan shekara 38. Da aka sake dubawa bayan shekara 10, jijiyar a buɗe take.

11. Shin ko kun san cewa da 'yar wasiƙa Grüntzig ya sanar da duniya? Ta fito a mujallar Lancet a farkon 1978, kan marasa lafiya biyar kacal. Cikakken rahoton mutum 50 ya biyo baya a 1979. Ya rasu a haɗarin jirgin sama a jihar Jojiya a Oktoban 1985, yana ɗan shekara 46.

12. Shin ko kun san cewa ragar ƙarfe ta shiga zuciyar ɗan Adam a 1986, ta hannun Jacques Puel a Toulouse ta Faransa da Ulrich Sigwart a Lausanne ta Siwizalan? A 1999 kuma Eduardo Sousa ya sa ta farko mai ɗauke da magani a Sao Paulo ta Burazil. Maganin, mai hana jijiya sake tsukewa, an samo asalinsa ne daga ƙwayoyin halitta da ke cikin ƙasar tsibirin Ista.

13. Shin ko kun san cewa ƙyauren zuciya ma ana gyara shi ta jijiya? Kanji Inoue na Japan ya ƙera balan-balan mai buɗe ƙyauren da ya tsuke, ya buga sakamakonsa a 1984. Ranar 16 ga Afrilu 2002 kuma Alain Cribier ya dasa sabon ƙyaure ta bututu a Rouen ta Faransa.

Yadda ake ƙirga ambato

14. Shin ko kun san cewa ambato shi ne wani masani ya sa maƙalarka cikin jerin abin da ya dogara da shi? Almajirin zaure ba baƙo ba ne ga wannan, domin ya saba jin malam yana cewa wane ya ruwaito daga wane. Abin da ya ƙaru a zamaninmu shi ne na'ura tana ƙirgawa.

15. Shin ko kun san cewa Eugene Garfield, Ba'amurke, shi ya kawo shawarar tattara ambato a mujallar Science a 1955, kundinsa na farko ya fito a 1964? Google Scholar da Scopus kuwa duk a 2004 suka bayyana. Na farkon kyauta ne, kowa na iya rubuta sunan likita a wayarsa ya ga abin da ya buga.

16. Shin ko kun san cewa ma'aunin h, wanda ake yawan tambayar malaman jami'a, wani masanin fiziks ne mai suna Jorge Hirsch ya ƙirƙiro shi a 2005? Lissafinsa mai sauƙi ne. Idan kana da maƙala 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10, ma'auninka 10 ne, ko da ka buga 30.

17. Shin ko kun san cewa a wannan ma'auni, wanda ya rubuta maƙala guda tak, aka ambace ta sau 5,000, makinsa 1 ne? Wanda kuma ya rubuta 20 masu matsakaicin amfani, aka ambaci kowacce sau 20, ya ninka shi sau 20. Masu irin tarihin Seldinger da Sones ba za su yi fice a wannan awo ba.

18. Shin ko kun san cewa a ƙidayar da mujallar Nature ta buga a 2014, maƙalar da ta fi kowacce ambato ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, kan yadda ake auna furotin, da ambato sama da 300,000? Maƙalar Watson da Crick ta 1953 kan tsarin ƙwayar gado, wadda ta sauya ilmin halitta, ba ta shiga cikin ɗari na farko ba.

19. Shin ko kun san cewa Patrick Serruys, wanda ya daɗe yana aiki a Rotterdam ta Holan, yana cikin waɗanda aka fi ambato a wannan fanni, kuma sunansa na kan maƙaloli sama da 2,000? Biyu daga ciki sun sauya aikin asibiti: ta 1994 da ta nuna ragar ƙarfe ta fi balan-balan kaɗai, da ta 2009 da ta gwada raga da tiyata a kan mutum 1,800.

Inda ƙirge ke ruɗarwa

20. Shin ko kun san cewa a 2018 John Ioannidis da abokansa sun gano sama da mutum 9,000 da suka taɓa sa sunansu a kan maƙala fiye da 72 a shekara guda, wato ɗaya duk kwana biyar? Mafi yawansu masana fiziks ne masu aiki a manyan tawagogi, amma a ɓangaren likitanci likitocin zuciya sun yi fice a jerin.

21. Shin ko kun san cewa yawan rubutu ya taɓa rufe ƙarya? A 1981 aka kama John Darsee, matashin likitan zuciya a Harvard, yana ƙirƙirar sakamakon gwaji, bayan ya tara rubuce-rubuce da dama. A 2018 kuma Harvard ta nemi a janye maƙala 31 na ɗakin binciken Piero Anversa, wanda ya yi iƙirarin cewa zuciya na da ƙwayoyin da ke sabunta ta. Kafin nan an yi shekaru ana ambaton su.

22. Shin ko kun san cewa wasu daga cikin maƙalolin da suka fi tasiri a fannin su ne waɗanda suka taka masa birki? Wani bincike na 2007 kan mutum 2,287, da wani na 2020 kan mutum 5,179, sun nuna cewa ga mai ciwon ƙirji da bai kai ga gaggawa ba, sa raga bai rage mutuwa fiye da shan magani yadda ya kamata ba. Ga mai bugun zuciya na gaggawa kuwa, buɗe jijiya ceton rai ne.

23. Shin ko kun san cewa akwai mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga komai ba tare da wani masani ya duba ba? Manyan mujallu kuma suna da tsada: a 2021 Nature ta sa sama da dala 11,000 ga mai son kowa ya karanta maƙalarsa kyauta. Malamin da ke karɓar albashi da naira, tsakanin waɗannan biyu yake neman mafita.

24. Shin ko kun san cewa tun 2012 wasu masana da editoci suka tsara sanarwa a San Francisco, suna kiran jami'o'i su daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga a ciki, su karanta aikin kansa?

Namu na gida

25. Shin ko kun san cewa tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya a Inugu aka yi ta, ranar 1 ga Fabrairu 1974, tare da Magdi Yacoub da Fabian Udekwu? Har yau ɗakunan buɗe jijiyar zuciya kaɗan ne a ƙasar, galibinsu a Legas da Abuja.

26. Shin ko kun san cewa abin da ya fi kwantar da masu ciwon zuciya a yankinmu ya bambanta da na Turai? Binciken da aka buga a 2012 kan mutum 1,006 masu gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara ya nuna hawan jini ne sanadi ga kusan kashi 45 cikin 100, toshewar jijiya kuwa ƙasa da kashi 8. Matsakaicin shekarunsu 52. Farfesa Mahmoud Umar Sani na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana cikin marubutansa.

27. Shin ko kun san cewa duk da haka bugun zuciya ya iso mu? Farfesa Simeon Isezuo na asibitin koyarwa na Sakkwato ya jagoranci rajistar da ta tattara mutum 1,072 daga asibitoci 23 na Najeriya tsakanin 2013 da 2018. Babban abin da ta nuna shi ne jinkirin isa asibiti.

28. Shin ko kun san cewa makakin wuya na yara, idan ba a magance shi ba, yana iya lalata ƙyauren zuciya? Binciken 2015 kan mutum 3,343 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman ya samu cewa rabin masu wannan ciwo ba su wuce shekara 28 ba, kuma mata sun fi yawa. Su ne suka fi buƙatar balan-balan ɗin Inoue, su ne kuma suka fi nisa da shi.

29. Shin ko kun san cewa Kano na cikin wuraren da aka gudanar da gwajin maganin hawan jini da ya fito a New England Journal of Medicine a 2019? Mutum 728 daga ƙasashen Afirka shida suka shiga, ƙarƙashin jagorancin Dike Ojji na Abuja. Sakamakon ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata.

30. Shin ko kun san cewa sunan Zariya ya shiga littattafan ciwon zuciya na duniya saboda masu jego? Neil Davidson da Eldryd Parry, suna aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga rahoton a 1978. Alamomin su ne haki, kumburin ƙafa, da tari idan an kwanta. Sun ɗora zargi a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Shekaru da dama ana maimaita wannan bayani.

31. Shin ko kun san cewa Ɗanbare ta Kumbotso tana cikin wannan tarihi? A 2006 Farfesa Zubairu Iliyasu da Farfesa Hadiza Galadanci da abokan aikinsu sun buga binciken da suka yi da iyaye mata 300 a garin. Sama da kashi 80 cikin 100 suna wankan jego, kusan haka kuma suna shan kunun kanwa. Amsoshin waɗannan mata, da suka bayar a tsakar gidajensu, yanzu suna cikin abin da masana ke kafa hujja da shi.

32. Shin ko kun san cewa a Yamai aka fara jan hankali ga wani sanadi daban? A 1992 Arnaud Cénac da abokansa sun ruwaito cewa masu gazawar zuciya bayan haihuwa a Nijar suna da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini. A 2015 Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye ya samu irin wannan a Kano. A Sakkwato kuma binciken 2007 ya samu ciwon a haihuwa 1 cikin 102.

33. Shin ko kun san cewa Farfesa Ƙaraye ya jagoranci rajistar ƙasa baki ɗaya kan wannan ciwo, wadda ta haɗa asibitoci 22 da mata 406, aka buga a 2020? Ta nuna Arewa maso Yamma ta fi ko'ina yawan masu ciwon, Kano da mace 1 cikin haihuwa 96. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ba ta samu alaƙa tsakanin ciwon da al'adun jego ko ƙabila ba. Abubuwan da ta samu su ne rashin karatu, rashin sana'a, rama, da hawan jini na masu ciki. Bayanin da ya yi shekara 40 yana yawo a littattafai, daga Kano aka gyara shi.

34. Shin ko kun san cewa wannan bai wanke kanwa gaba ɗaya ba? Gishiri ce, kuma gishiri yana tara ruwa a jiki yana ɗaga jini. Mai jegon da zuciyarta ta riga ta raunana, ko mai hawan jini, kunun kanwa ƙarin nauyi ne a gare ta.

35. Shin ko kun san cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 17.9 ne suka mutu da cututtukan zuciya da jijiyoyin jini a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki? Ranar 29 ga Satumba ta kowace shekara ce Ranar Zuciya ta Duniya.

Kalma ga mai karatu

Ƙidayar ambato tana da amfani, domin tana nuna wanda ake karantawa. Sai dai ba ta faɗin ko abin da aka rubuta gaskiya ne, ko ya warkar da wani. Likitocin Kano da Zariya da Sakkwato da duniya ta saurara, sun samu haka ne ta hanyar rubuta ciwon da ke kwance a gadajen asibitinsu. Saboda haka muna kira ga matasan likitocinmu su riƙe rajista da kyau, su buga a mujallu na gaskiya, jami'o'i kuma su riƙa karanta aikin kafin su ƙirga shi.

Ku kuma jama'ar Kumbotso da Kura da Bunkure, ku riƙa zuwa awon jini ko da kuna jin garau. Mai jegon da ke haki, ƙafarta na kumbura, ba ta iya barci sai a zaune, kada a ce jego ne zai wuce, a kai ta asibiti a ranar. Wanda kuma ya ji nauyi ya danne masa ƙirji, yana gumi, ciwon na gangarawa hannu ko muƙamuƙi, kada a jira gari ya waye. Allah Ya ƙara mana lafiya.